Furen Taba a Bayan Ɗakina

Shekarun baya, ba da daɗewa da rasuwar maigidana ba, na tashi da wata magana wadda duk gidan suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ce sai na shuka taba a bayan ɗakina.

Kada ku ɗauka hayaƙi nake nema. Fure nake so. Ku 'yan yanzu ba ku san shi ba. A zamaninmu in mace ta ci goro, sai ta ɗauki furen taba ta goga a haƙoranta su yi jawur, in ta yi murmushi a gidan biki kowa ya san ta iso. Ni kuwa 'yar lambu ce, a ƙasar Zazzau aka haife ni, mahaifina taba yake nomawa a fadama da rani. Aure ya kawo ni Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan. Da can fatake sukan zo mana da furen ko da ya yi yaushi, a hankali ya ɗauke, har muka daina tambaya.

Wurin da nake magana ɗan tsuki ne tsakanin ɗakina da katanga. To a Sabo ko inda akuya za ta kwanta yana da mai so. Autana, mai gyaran waya a Mokola, ya daɗe da sa masa ido, yana so ya gina shago ya fasa ƙofa ta titi.

Ya ce, "Mama, abeg, wa yake noma a tsakiyar Ibadan? In goro ne zan saya miki, in maganin ciwon ƙafa ne zan saya."

Na ce, "Sayo mini fure."

Bai ma san ko ci ake yi ko sha ba. Daga ƙarshe muka yanke: in Babbar Sallah ta zo ban nuna masa fure ba, ya kawo magini ya zuba simintinsa. A shekarar Layya tsakiyar damina ta faɗo, na lissafa na ga zan kai.

Irin, wani ɗan ƙanwata mai sayar da albasa a kasuwar Bodija ya sa aka taho mini da shi daga gida, ƙulli ɗaya a tsumma. Irin taba ƙanana ne kamar ƙura, in ka yi atishawa ka yi asara. Na gauraya shi da toka na yafa a wani tsohon baho da ya huje, na rufe da ganyen ayaba, ina yayyafa ruwa da tsintsiya safe da yamma. Ya fito lif-lif, har ya kai dashe.

Sai na zo tsara wurin. Na ɗaure zanina, na kafa tsinke nan da can, na ja igiya, na auna da kamu yadda na ga mahaifina yana yi. Na haƙa fangali, wato ɗan gurbi mai faɗi da ake tada masa gefe don ya riƙe ruwa, na jera su reras. A wurinmu ruwa ai baƙo ne, in ka same shi sai ka tsare shi kada ya gudu.

Ina cikin aikin maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga. Bayarabiya ce, mai sayar da ganyen ɗaurin goro, mun fi shekara ashirin muna gaisawa. Ta iya Hausa irin tasu.

Ta ce, "Alhaja, kifi za ki kiwata?"

Na ce, "Taba ce, Iya."

Ta ce, "A rami? Mu a ƙauyenmu taba muke nomawa. Ba ta son ƙafarta a ruwa. Ki tada mata kunya."

Na yi mata dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce a raina, yau Bayarabiya za ta koya wa 'yar fadama taba. A fili na ce, "Na gode, Iya, gadonmu ne." Ta ce to, ta sauke kanta.

Ruwan farko ya sauka, na zaɓi manyan tsirrai masu ƙarfi na dasa, na bar ƙananan a baho, na ce waɗannan ba za su yi rai ba. Kwana kaɗan suka miƙe gwanin sha'awa. Sai aka yi irin ruwan nan na Ibadan da yake sauka kamar an kifar da randa, ya wuni, ya kwana, ya sake wuni. Fangalina suka yi aikin da na sa su. Suka riƙe ruwan nan tsaf, ko ɗigo bai tsere ba. Da aka ɗauke na fita, na tarar da tabata kwance, gindin ya yi baƙi, kwaɗi suna ta sha'aninsu a ciki.

Autana ya zo ya tsaya a kaina. Bai yi dariya ba, wannan na yaba masa. Ya ce, "Mama, ki huta haka. In kira maginin?"

Na ce, "An yanka ragon ne?"

Ya ce a'a. Na ce to matsa mini daga hanya.

Da hadari ya sake haɗowa, na yafa buhu a ka na fita na tsaya cikin ruwan. Surukata tana kira daga ƙofa, "Hajiya, sanyi zai kama ki." Ban kula ta ba. Ina so in ga da idona ta ina ruwan yake shigowa, ta ina yake neman fita. Ashe daga indararon ɗakina yake zubowa, ya bi gangare zuwa kusurwar katanga inda kwata take. Ni kuma na gindaya masa ramuka a hanya.

Washegari na zuba goro fari a faranti na zagaya gidan maƙwabciyata. Na ce, "Iya, kifin bai yi ba." Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauko fartanyarta ta biyo ni.

Muka sake jan igiya. Wannan karon kunyoyi muka tada, masu tsayi kusan gwiwa, muka ɗan karkata su wajen kwata yadda ruwa zai bi kwarin ya wuce ba tare da ya kwashe ƙasar ba. A kan tazara muka yi musu. Ita tana so a buɗa sosai don ganye ya yi faɗi, ni ina so a ɗan matse don wurin kaɗan ne. Ta ce Bahaushiya da rowa, na ce Bayarabiya da ɓarna. Muka raba a tsakiya. Ita ta nuna, amma ƙasar ni na ɗaga da hannuna, don na rantse ba wanda zai ce an yi mini. Mako guda a zaune nake sallah saboda baya.

'Yan tsirran da na raina a baho su na dasa, don ba ni da wasu. Kullum da sassafe ina tsince musu dodon koɗi da tsutsa. Ruwa ya yi ta zuwa yana wucewa ta kwari, su kuwa suna sama abinsu. Da suka kai ƙirjina suka fara fitar da kai, maƙwabciyata ta shigo da wuƙa za ta sare kawunan, wai haka ake yi ganye ya yi kauri. Da kyar na riƙe hannunta. Na ce, "Iya, abin da kuke zubarwa shi na shuka."

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, autana ya shigo da magini, a zatonsa ba fure. Sai ya tarar da tsofaffin unguwa a kan tabarma a bakin kunyoyin, ga goro, ga fure a faifai, kowa haƙora jawur. Cikinsu har da ungozomar da ta karɓi haihuwarsa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai simintin? Ni na yanke maka cibi. Zo ka zuba in gani."

Ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sallami maginin da kuɗin mota. Shagon daga baya a Mokola ya kama haya, kuma Allah ya sa masa albarka.

Har yau duk shekara ina dasawa, ko da yake masu goga furen muna ta raguwa. Abin da yake tsaya mini a rai shi ne, a garin nan na haifi 'ya'yana, a nan na aurar da su, a nan na binne mijina, amma kullum ina ɗaukar kaina baƙuwa mai jiran mota. Sai da na tsaya cikin ruwa da buhu a ka, da furfurata, sannan na san ta inda ruwa yake bi a bayan ɗakina. Tun daga ranar, in aka tambaye ni ina ne gida, ba na ƙara nuna arewa.