Ranar da Na Tura Ishaya Gaba

Ranar da baƙin Legas suka zo kallon 'yan wasanmu ta ƙi fita daga raina, ba na kuma jin za ta fita. Ku da kuka zo aiki a sansanin 'yan wasa bayanmu, ku saurara.

Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa kulob ɗinmu abinci a gidan da aka kama wa 'yan wasa a Gwallaga. Ban shiga aji ba, amma ba a taɓa dawo mini da tuwo ba. A tsarinmu shugaban kulob ne sama, sai sakatare, sai koci da mataimakinsa, sai mai tausa, sannan ni. A takarda ke nan. A cikin gida kuwa, maganata ba ta faɗuwa ƙasa.

Ishaya mutumin Bogoro ne, shi ke riƙe lamba shida. Ga wanda bai san ƙwallo ba, mai lamba shida shi ke tsayawa gaban 'yan baya. In abokan karawa sun taso, da shi za su fara cin karo. Ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na gaba, ya koma mazauninsa. Ba ya cin ƙwallo, ba a yi masa tafi. Shekara bakwai yana wannan har ya doshi talatin, ana ta kwashe 'yan gaba zuwa manyan kulob.

Asabar ce cikin damina. Da safe ya shigo kicin karɓar kunu, ya ce, “Mama, yau ce ta ƙarshe. In baƙin nan ba su ɗauke ni ba, gona zan koma.”

Na ce, “Waɗanda aka ɗauka bara, me suka fi ka?”

“Suna cin ƙwallo.”

“Kai ƙafar katako gare ka?”

Ya yi dariya. “Koci ya ce kada in bar wurina.”

“Koci za a ɗauka? Ɗana, mutanen nan raga suke kallo. Hau gaba su gan ka.”

Da la'asar na bi su fili da bokitin lemo. Kashin farko Ishaya ya tsaya inda aka ajiye shi, ko kaza ba ta wuce shi ba. Aka tafi hutu babu ci. Da na miƙa masa lemo na ce, “Sai yaushe?” Ya karɓa ya shanye.

Ana dawowa ya hau gaba. Aka karɓe ƙwallon a ƙafarsa, abokan karawa suka biyo ta wurin da ya bari, fili fayau, suka ci. Ya sake hawa don ya rama, suka ƙara. Koci ya fitar da shi.

Bayan wasa baƙin suka biyo mu gida cin abinci. Ina ajiye tire na ji babbansu yana ce wa koci, “Mu fa saboda lamba shidanka muka zo. 'Yan gaba muna da su. An ce mana ba ya barin wurinsa. Kashin farko har mun gama shawarar ɗaukarsa.”

Koci ya sa aka kira Ishaya. “Shekara bakwai ba ka taɓa yi mini haka ba. Wa ya zuga ka?”

Ina tsaye da ludayi a hannu. Ishaya ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Ba kowa, Koci. Ni ne.”

Ni kuwa na ja bakina na koma kicin.

Ƙarshen kakar wasa sakatare ya cire sunansa daga kulob. Da zai tafi ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama, har yana godiyar abinci. Labarinsa na ƙarshe da na ji, yana noman masara a garinsu.

Abin da na koya shi ne, a ƙwallo kowa da wurinsa, kuma masu sana'ar suna ganin mai tsayuwa ko da mu 'yan kallo ba mu gan shi ba. Kada ƙaunar ɗan wasa ta sa ku koya masa aikinsa. Na yi shekara huɗu bayan wannan ina zuba wa koci abinci, kullum da niyyar yau zan gaya masa. Har ya rasu ban gaya masa ba. Ku ne na farko da kuka ji.