Yadda Yaya Sani Ya Hau Tudu

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, samarin Daura suka kamu da tseren keke. Mu kuwa yara, ana idar da isha'i sai mu kewaye wutar Kaka a tsakar gida, tana gasa mana gyaɗa a toka, tana ba mu tatsuniya.

Ran jajibirin wani tsere, babu wanda ya nemi tatsuniya, gardamar gari ce ta biyo mu har gida. Akwai wani tudu mai tsakuwa a hanyar tseren, kowa ya ce a nan maza za su rabu. Wasu na cewa Lawal ɗan dillalin shanu, mai sabon keke, shi zai fara hayewa. Wasu na cewa ina, Audu mai dogayen ƙafafu. Yayana Sani kuwa babu mai ambatonsa, don tsohon keken Baba na dakon gero zai hau. Baba kuma ya riga ya yanke magana: in ya sauko ya tura a gaban jama'a, shi da keken nan har abada.

Sani na gefe ya zabga tagumi. Kaka ta jefe shi da ɓawon gyaɗa.

"Kai maigida, wace irin fuska ce wannan, kamar an ƙwace maka tuwo? Matso. Ga ta nan tafe da kaya a ka."

Muka ce, "Ta sauke mu gani!"

Wai doki da jaki aka ɗora wa gishiri, aka ce su kai kan dutse. Doki ya dubi dutse ido cikin ido, ya taso masa kai tsaye. A tsakiya numfashi ya ƙare, ya durƙusa. Jaki kuwa ya yi dama, ya yi hagu, ya sake dama, birai na ta dariya wai ya ɓata hanya. Suna cikin dariyar suka ji kukansa daga sama.

Kaka ta ce, "Tudu suruki ne. Ba a haɗa ido da shi, ta gefe ake bi."

Sani ya ce, "Wato ni ne jakin, Kaka?"

"Wa ya kama suna?"

Washegari ina kan tudun, riƙe da bakin zanin Kaka. Lawal da Audu suka taso a guje, kafin rabi duk sun sauko suna turawa. Sai ga Sani yana karkacewa, daga wannan gefen hanya zuwa wancan. Jama'a suka fashe da dariya: "Yaron nan ya rikice!" Bai kula ba. Har ya haye, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Guɗar da Kaka ta rangaɗa ran nan, har yau tana kunnena.

A gangare Lawal ya wuce shi, ya ci tseren. Amma da yamma Baba da kansa ya tsuguna ya zuba wa sarƙar keken mai, ya miƙa wa Sani keken.

Yau ni ce kakar. Na hau tudu iri-iri, har da rasuwar maigidana da marayu a gabana. An sha yi mini dariya wai na bi ta nesa. Su yi. Ni jikar matar nan ce, har yanzu ban sauko na tura ba.