Murjanin da ya dunƙule hannu

Shekarar da zinari ya shigo ƙauyenmu, can bayan Anka, ita ce shekarar da Kaka ta daina ba mu dariya da tatsuniya. Kafin nan, in an yi isha'i lokacin sanyi, mukan tara karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta kunna, ta miƙe ƙafa tana tsokanata wai ni mijinta ne amma ko goro ban taɓa saya mata ba. Ina ɗan firamare a lokacin. Ƙanwata Murja ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma a cinyar Kaka take kwana.

Baba kuwa ya fara kawo buhunan dutse gida. Yakan zauna bayan zana da guduma yana fasawa, Inna ta daka a turmi, a wanke a nemi zinari. Shi ne ɗan farin Kaka. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban idonsa, ko gishiri take so sai ta aike ni. Agwaginmu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan Murja ta fara zazzaɓi, wani lokaci ta sandare, ta dunƙule hannuwa gam, ka kasa buɗe su.

A cikin kwanakin nan Kaka ta ce za ta ba mu wata sabuwa. Ba ta jira mun amsa mata buɗewar da aka saba ba, ta ɗaga murya ta fara.

Wai akwai wata 'yar ruwa a ƙasan gulbi, sunanta Murjanatu, kullum da safe takan buɗe hannuwa kifaye su ci a tafinta. Ubanta yana sonta kamar ransa. Wata rana ya tsinci munduwa mai ƙyalli a tudu, ya jefa mata cikin ruwan da take kwana. Washegari ta dunƙule hannu ɗaya. Ya ce ko kyautar ce ta yi kaɗan, ya ƙaro wata. Ta dunƙule ɗayan. Aka kira masu magani, kowa ya duba ido, ya duba harshe, ya ba da saiwa.

"Babu wanda yad dubi ruwan," in ji Kaka. "Sai kwaɗo yac ce, ku bar tambayar mi as same ta. Ku tambayi mi anka kawo gidan ga wanda da babu shi."

Muka ce, "To sai me, Kaka?"

Ta ce, "Sauran na ga uban ɗiya." Ta ja zane ta rufe Murja. Na ji haushi ƙwarai, don ban taɓa jin tatsuniya marar ƙarshe ba.

Murja ba ta ga damina ba. Bayan rasuwarta likitoci suka zo, suka ce dalma ce a cikin dutsen, ƙurarta ke shiga cikin yara. Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba sabuwa. Kaka ma ba ta jima ba.

Shekaru suka wuce, neman abinci ya kai ni Legas, kantin wani dattijo Bayarabe mai sayar da kifin teku na ado. A nan na fara ganin murjani da ransa. Ni da na san shi tsakiya ce a wuyan mata, sai ga wani iri mai taushi a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, yana buɗe ƙananan yatsu yana rausaya. Ashe dabba ce. Na fi son shi da duk kifayen, kuma ban gaya wa kowa dalili ba.

Wata safiya na tarar da guda ya rufe yatsunsa, ya yamutse, wani farin yauƙi yana fita a jikinsa. Muka auna gishiri, daidai. Muka duba zafin ruwa da fitila, lafiya lau. Muka juya shi ko tsutsa ce, muka sa ido ko wani kifi ke gutsurarsa, ba mu ga komai ba. Washegari na kusa da shi ma ya dunƙule. Maigidana ya yi tagumi, ya ce da ni, "Bar kallon murjanin. Me ya shiga ruwan nan da babu shi a da?"

Na zura hannu ina tona yashi, sai ga ɗan notin tagulla da ya faɗo daga sabon maƙalin fitila, ya yi kore. Maigidana ya ce ai kuwa shi ne, tagulla guba ce ga murjani, ko 'yar kaɗan.

Na tsaya da noti a hannu, ruwa na zuba ta gwiwar hannuna. Na san labarin dalma tun ina yaro. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne inda Kaka ta fuskanta a daren nan. Ba mu take kallo ba, zana take kallo. Ta ga agwagi, ta ga hannun jikarta, ta gane tun likita bai zo ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta cewa "Kai, fitar da dutsen nan", sai ta sa wa 'yar ruwa sunan Murja ta faɗa da ƙarfi. Har yau ban san wa zan ji wa haushi ba.

Mun canza ruwa, bayan kwanaki murjanin ya sake buɗe yatsunsa. Ina kallonsa sai sauran daren ya dawo mini. Lokacin da kwaɗo ya yi magana, gudumar Baba ta tsaya a bayan zana. Bugun ya ɗauke har muka ji karan dawa yana fashewa a wuta. Sannan gudumar ta ci gaba.