Gayaunar Baba

Da na gama ginin gidana a bayan garin Funtua, ta hanyar Bakori, na bar ɗan fili a bayan ɗakin girki ban zuba masa siminti ba. Bai wuce wurin shanya ba. Maiɗakina ta so a shuka fulawa, ni kuwa don Baba na bar shi.

Mahaifina manomi ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Kafur. Da zaman can ya gagara, aka fara ɗauke mutane a gona da rana tsaka, na je na taho da shi kusan da ƙarfin tsiya. Abin da ya ɗauko bai wuce buzun salla da fartanya da ƙullin zangarniyar dawa ba. Kaura ce, amma ba irin ta kasuwa ba. Tun zamanin kakansa ake zaɓar manyan kawunanta duk kaka, a rataye inda hayaƙi zai riƙa bugunsu, a shuka da damina. Irin dawa kuwa ba ya son doguwar ajiya, in ya daɗe bai ga ƙasa ba mutuwa yake yi. Wannan ita ce damuwar Baba, daga baya ta zama tawa.

Ranar da na nuna masa filin, ya auna shi da ido, ya yi 'yar dariya ya ce, "To, yau ni aka yanka wa gayauna."

Gayauna ita ce 'yar gonar da uba yake yanka wa ɗansa a gefen gandu, yaro ya riƙa taɓawa da yamma in an tashi daga aikin gida, kafin ya girma ya karɓi babbar gonar. Shi ya yanka mini tawa ina ƙarami. Cikin raha ya faɗa, amma ni kunya ta kama ni kamar in nutse.

Damina ta farko ya shuka rabin irin. Ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, ya yi rawaya ya bushe. Da muka tona muka ga abin da maginan nan marasa tsoron Allah suka yi. Duk ragowar kwaɓin siminti da fasassun bulo da ledar ruwa, nan suka tura su, suka yafa burji a kai. Na kira babban maginin a waya na zazzaga masa masifa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yallaɓai, ai ba ka ce gona za ka yi a gidan ba."

Daga nan kowa ya zama malamin gona. Wani abokin aikina ya ce a cika buhuna da ƙasa a jera jikin katanga, haka ya gani a waya. Maiɗakina ta ce a haƙura da dawa a sa zogale da alayyahu, aƙalla a samu na miya. Ƙanena ya ce in daina wahalar da tsoho, in shimfiɗa bulon intalok a wurin a huta. Na kusa marinsa. Baba dai ya ce a kwashe baraguzan, a kawo baƙar ƙasa. Da rani muka haƙa har gwiwa, tipa ta kawo ƙasar fadama, na bi gidajen masu awaki ina roƙon taki kamar ba ni ne mai sa hula mai tsada in tafi ofis ba. Na sa aka karkata ruwan alwala yana gangarawa wurin don takin ya ruɓe. Baba da kansa ya yi huɗa, kunyoyi gajeru, yana yi yana hutawa.

Na ce masa mu ba wani manomi sauran irin ya shuka mana, don kada mu zuba duka wuri ɗaya. Ya ce waɗanda suka san darajarta sun watse, na kusa da gari kuwa masara da waken suya suke yi, ba mai ba da fili ga dawar da sai ƙarshen kaka take nuna. Na tambaya, na tarar gaskiyarsa ce. Gonakin da ke kewaye da mu ma duk an yayyanka su fulotai.

Damina ta biyu dawar ta tashi kore shar. Wallahi na ga Baba ya canza. Yana dawowa daga masallaci da asuba sai bayan ɗakin girki, ya tsuguna yana cire ciyawa ɗaya-ɗaya, har ya fara cin tuwo da yawa.

Sai maƙwabcinmu na gabas ya ɗora bene. Na je na same shi, na yi masa bayani da lalama. Ya ce, "Haba Malam, saboda karan dawa zan fasa gini?" Na juyo gida, don filinsa ne. Ginin na tashi, rana na janyewa daga gayaunar, har ya zama sai wajen azahar take leƙowa ta wuce. Dawar ta yi ta miƙewa tana neman haske, ta yi tsawo ta sirance. Da ta fid da kai, Baba ya kamo ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hura. Ba ƙwaya ko ɗaya.

Zangarniya kaɗan ta rage a ƙullin, ita ma ta tsufa. Na fara lissafin wasu dabarun: a gwada gefen ƙofar gida, ko a hau da buhuna saman rufin gareji. Ina cikin zayyana wa Baba wata safiya sai ya kira maiɗakina, ya miƙa mata ƙullin.

"Ungo, 'yar nan. A surfa a yi mana kunu."

Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, iri ne fa. Kai ka hana mu taɓa iri ko ana yunwa."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Gayauna ta yaro ce, mai jiran ya karɓi gandu. Ni wane gandun nake jira?"

Maiɗakina ta tsaya riƙe da ƙullin tana kallona, ko zan hana. Ban hana ba.

Da hantsi aka kawo kunun. Baba ya shanye nasa, ya ce in kira maginin ya zo ya zuba siminti a wurin kafin ciyawa ta tara mana sauro. Ni ma na sha nawa. Ya yi daɗi ƙwarai, irin daɗin da rabona da shi tun ina yaro, kuma har yau wannan ne abin da ya fi ci mini rai.