Ƙarfen da surukina ya sayo daga Jidda

A shekarun tamanin na ƙarnin Hijira da ya wuce ina aikin akawu a wani ofishin motocin alhazai a Makka, shekarata biyu da aure. Idan aikin Hajji ya ƙare muka sami sarari, nakan bi wasu abokan aiki zuwa duwatsun hanyar Ɗa'ifa farautar bunsurun dutse, can bayan iyakar Harami, domin a cikinta ko tsuntsu ba a firgitawa. Dabbar ba ta bari a matso ta. Saboda haka na ƙudurta a haɗa mini bindiga mai cin dogon zango, mai ɗaukar babban harsashi.

Mai wannan aiki a cikin mutanenmu wani tsohon maƙeri ne Bazazzagi a unguwar Nakkasa, wanda ya koyi gyaran bindiga a Sudan a kan hanyarsa ta zuwa. Mu'allim muke ce masa. Ya gaya mini bututu da ƙota duk masu sauƙi ne. Abin dubawa shi ne uwar bindiga, wato ƙarfen tsakiya da sakata ke shiga ta kulle bayan harsashi da haƙoranta biyu, domin a nan dukan ƙarfin albarushi yake sauka.

Labari ya kai kunnen surukina ta bakin 'yarsa. Bakano ne mai sayar da turare da carbi, bai taɓa harba bindiga ba. Da ya je Jidda sai ya sayo mini uwar bindiga mai sheƙi, da zanen ganye a jikinta, ya naɗe ta a ƙyalle ya aiko matata da ita. Har zuwa lokacin ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban kuma taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Haka aka rene mu, haihuwar Makka ba ta canza wannan ba.

Mu'allim bai dubi zanen ba. Ya kunna fitilar kananzir da rana tsaka, ya kara haƙoran sakata a kan harshen wutar har suka yi baƙi, ya mayar da ita ya kulle, ya buɗe, ya miƙo mini. Haƙori ɗaya ya goge tas, ɗayan yana nan da baƙinsa. Ya ce wani ya taɓa cusa mata harsashin da ya fi ƙarfinta, mazaunin haƙorin ya lotsa, kuma in ya goge shi da magagari taurin ƙarfen zai tafi. Sannan ya jawo wata tsohuwar ta soja daga ƙarƙashin benci, duk tabon tsatsa, ya yi mata irin gwajin. Haƙoranta biyu suka goge daidai.

Na roƙe shi ya yi amfani da kyautar hakanan, ya ƙi. Ya tuna mini cewa idan sakata ta ɓalle, idon mai harbi ne a bayanta. Na ce to ya goge tsohuwar ya yi mata zane yadda ba za a gane ba, ya ce shi ba ya haɗa baki a yaudari dattijo. Na koma gida ban gaya wa kowa ba. Mako uku surukina yana aiko tambaya ko an gama, ni kuwa ina cewa maƙeri aiki ya yi masa yawa.

Wata la'asar na je maƙerar, ban jima da zama ba sai ga surukina ya hawo tudun yana haki. Ashe Mu'allim ne ya aika masa. Na miƙe na durƙusa na gaishe shi, na koma lungu.

"Bakano, an ce kun iya sayayya," in ji Mu'allim. "Zo ka ara mini ido, nawa sun tsufa."

"Bazazzagi da ido? Miƙo in gani."

Mu'allim ya sa shi ya riƙe sakatar a kan fitila da hannunsa, ya kulle ya buɗe, farko tasa, sannan tsohuwar. Ya yi masa bayanin da ya yi mini, bai ƙara bai rage ba. Surukina ya daɗe yana juya ƙarafan biyu, yatsunsa duk baƙi. Ya tambaya yaushe aka san haka, aka ce masa mako uku ke nan.

Bai juyo wajena ba. Da Mu'allim ya yi magana.

"Ka gaya wa mijin 'yar nan tawa, ƙarfen nan sayen shi na yi, ba ni na ƙera shi ba. Ka sa masa mummunar. Ban aurar da ita don ta riƙa jan makaho ba."

"To, ɗayyib. Ai yana jin ka."

"Na san yana ji."

Ya naɗe kayansa a ƙyallensa. Na karɓa na bi shi a baya har bakin titi, sannan na miƙa masa. Ban san inda ya kai ƙarfen ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

An gama bindigar bayan wata biyu. Ta fito da nauyi, ba ta da wani kyan gani, amma tana kai harsashi inda aka nufa. Bunsuru na farko da na samu da ita mun yanka shi can wajen iyaka, na aika wa surukina cinya guda. Washegari matata ta dawo da saƙonsa: ya gode, ya sa albarka, sai dai naman ya yi masa tauri, nan gaba in nemi ƙarami.