Wandon Kwat ɗin Kawu Dantani

Ku da kuka san Kawu Dantani kun san ba da fuskar mutum yake fara gaisawa ba. Kana miƙa masa hannu, idonsa na kan wandonka. Sai ya sunkuya ya kama yadin, ya murza tsakanin yatsu, ya ja tsaki, sannan ya ɗago ya ce, "To, ya gida?" Har fasto bai ƙyale ba, kuma a bakin ƙofar coci!

Duk wannan a kan kwat ɗin nan ne. Kun tuna ta: ruwan ƙasa mai layin kore, kwala kamar kunnen giwa, warin kafur yana riga ta shiga ɗaki. A kasuwar Zuru ya tsince ta, ranar da aka fasa wata dilar gwanjo, bai daɗe da barin aikin soja ba. Kwat ta zauna masa ɗas. Matsala ɗaya, ba wando.

Kowa ya ce ya haɗa ta da wani. Kawu ya ce atafau. "Bature bai ɗinka kwat ba wando. Tare sunka shigo ƙasar nan, aka raba su a hanya. Shina nan cikin wata dila yana jirana. Soja bai barin ɗan'uwanshi a daji."

Matarsa, Mama Saratu, ta riƙe ƙugu. "Baban Iliya, shekarun da ka yi kana yawon bariki ba su ishe ka ba? Yaushe za ka zauna gida?"

"Ranar da na samu wandon nan, na zauna. Na yi alkawari."

Shi ke nan fa, ya samu lasisin yawo. Kontagora yau, Yauri gobe, jibi a ce an gan shi Rijau ya durƙusa cikin tulin gwanjo har kafaɗa. Biki ko jana'iza, in dai garin yana da kasuwa, Kawu ne na farko a tasha. Mama kuwa faɗa safe, faɗa yamma, tana yi tana cusa masa ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai cikin jaka.

Ni da nake ɗiyar ƙanwarsa na sha wahalarsa. Wata rana mun kama hanyar Danko za mu biki, bas ta cika maƙil, muna cikin gudu sai ya hau dukan jikin mota. "Direba, tsaya! Tsaya na ce!" Muka ɗauka wani ne ya faɗo. Ashe tufafi ya hango a kan igiya a bakin wani gida. Kafin in fito ya kai, yana ɗaga wanduna ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta leƙo da kumfa a hannu.

"Ɗiyata, wanga nawa?"

"Baba, wankin mijina ne."

Ko gezau. Ya sake juya wandon ya ce, "To in ya dawo ki tambaye shi." Ya komo mota yana mita wai 'yan kasuwar yanzu ba su iya karɓar baƙo ba. Kunya ta sa har muka isa Danko ban ɗago kai ba.

Na Yauri ya fi muni. Gaisuwar mutuwa muka je, ana zaune jugum, sai na ga Kawu yana matsawa kan benci, yana matsawa, har ya manne da wani dattijo. Ya raɗa masa, "Mai gida, ɗan miƙe, mu je wurin haske." Bawan Allah ya ɗauka wani saƙo ne mai nauyi, ya bi shi waje. Kawu ya durƙusa, ya kara hannun kwat da gwiwar mutumin, ya daɗe yana kallo. Can ya miƙe ya karkaɗe jiki. "Dangi ne, amma ba ɗaki ɗaya ba. Koma ka zamna. Allah ya ba mu haƙuri."

Da abin ya ishi ɗansa Iliya, sai ya shirya dabara. Ya ɗauki hoton kwat, ya sa wani tela a Kaduna ya ɗinka wando mai kama da ita, aka turara shi da kafur, aka kai wa mai gwanjo a Zuru ya binne a ƙasan tuli. Ni aka sa in ja Kawu wurin. Ya zaro shi. Ya shinshina, ya juya cikinsa waje, ya ajiye a hankali.

"Wanga bai taɓa shiga jirgi ba. Ki ce ma Iliya na gode, ya sa abinshi."

Na koma gida ina huci, na ba Mama labari. Na zaci za ta taya ni baƙin ciki. Sai ta ce, "Ku dai ba ku da aikin yi," ta ci gaba da tankaɗe.

Sau ɗaya na ga Kawu a zaune, da wata damina da ƙafa ta hana shi fita. Ban ji daɗin ganinsa ba. Ba labari, ba tsokana. Yana kan kujera ya ƙura wa bango ido, in iska ta buga ƙofa sai ya zabura yana laluben abin da ba ya nan. An taɓa tura su yaƙi wata ƙasa, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani can ba. Ƙafa na warkewa ya saɓi jaka, dariyarsa ta dawo.

A tasha mutuwa ta same shi, in ba ku manta ba. Ya kama kujerar gaba, jaka a cinya, yana yi wa direba faɗan mota ta ƙi cika. Ya jingina kai, shi ke nan.

Da aka zo shirya shi, kowa ya yarda cewa da kwat ɗinsa za a sa shi a akwati. Wando ne ya zama gardama. Iliya ya ce a ɗauko na Kaduna. Mama ta ce a dakata. Ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwatin zannuwanta, ta fito da wani ƙulli. Tana kwancewa warin kafur ya cika wurin. Ruwan ƙasa, layin kore. Ba sai an kai shi wurin haske ba.

Na ce, "Mama! Ina kika samo shi?"

"Nan kasuwar Zuru. Wurin mutumin da ya sayar mishi da kwat, a gindin dilar. Kasuwa ta gaba na je na gan shi."

"Duk shekarun nan yana ɗakinki?"

"Kin dai ga yadda yake in ya zamna. Kuma kin san shi da alkawari. Da na ba shi, da ya zamna, abin nan ya cinye min shi."

"To faɗan da kike yi kullum fa?"

Ta share ido da bakin zane. "In ban yi faɗa ba, ai sai ya gane."

Aka sa masa. Jama'a, wandon nan ya ɗage, ko idon sawu bai kai ba! Iliya ne ya fara fashewa, muka bi, muna dariya hawaye na zuba. Mama ta sunkuya ta ja bakin ƙafar ƙasa iya yadda zai zo, ta shafa shi ya kwanta, ta ce, "To Baban Iliya, ga shi. Sai ka zamna."

Har yau in na wuce masu gwanjo sai ƙafata ta rage sauri, kuma kewarsa ta kama ni. Ubangiji Allah, ga bawanka nan ya iso da kayansa cikakku. Ka ba shi wurin zama inda ba abin da zai firgita shi, ka kuma riƙe mana Mama Saratu. Amin.