Tayoyi Huɗu a Rufin Hajiya

Na fi shekara ashirin ina gadi a gidan Hajiya a Nassarawa GRA. Tsohon gida ne, ba bene, da fili babba da bishiyoyin mangwaro. Maigidan ya daɗe da rasuwa. Hajiya tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta yi ritaya, amma bakinta bai yi ba. Ni kuma ɗakina yana bakin get.

Damina biyu a jere falonta yana yoyo. Da roba ɗaya muka fara tara ruwa. Sai bokiti biyu. Daga baya har tukunyar da ake dafa shinkafar salla ta shigo falo.

A haka babban ɗanta ya zo daga Abuja. Da shigarsa ya yi tuntuɓe da bokiti, ruwa ya jiƙa masa ƙafar wando. Ina tsaye da jakarsa a hannu na ji hukuncin.

“Umma, gidan nan ya gaji. A samo wanda ya san aiki ya duba rufin, ya rubuta, ya sa hannu. In ya ce rufi ya ƙare, ba zan yi faci ba. Ki tattara mu tafi Abuja, a ba masu gina benaye filin.”

Ba barazana ba ce. Gidan hagu da na dama duk haka aka yi da su.

Hajiya ta ce, “In je in zauna a sama kamar tantabara, ba maƙwabci ba mai sallama?”

Ya ce mako biyu ya bayar. Ya shiga mota.

Da ya tafi ta kira ni baranda. Ta ce, “Maigadi, gwiwata ba ta hawa tsani. Duk wanda ya zo, takardarsa ni zan karanta. Mutumin kai za ka karanta.”

Na ce to.

Ban yi makaranta ba, amma na san kwano. A unguwar Gama na tashi. Wata la'asar iska ta ɗage rufin ɗakinmu, falle ɗaya ya dawo ya same ni a kafaɗa. Wata uku ina kwance. Tabon yana nan. Da na warke na yi lebura wajen kafintoci, ina miƙa kwano sama. Abu ɗaya na koya da kyau: wanda ya san rufi a kan layin ƙusa yake taka ƙafa, don nan ne katako yake a ƙasa. Wanda bai sani ba ko'ina yake takawa.

Akwai kuma abin da Hajiya ba ta sani ba. A Gama maganin iska tsohuwar taya ce da dutse. Ka ɗora a rufi ka yi barcinka. Na taɓa ɗora ɗaya a kan ɗakina na bakin get, ta hango ta ce, “Sauke mini. Gida ne nan, ba wajen faci ba.” Na sauke. To shekara biyu kafin wannan magana, iska ta ɗaga falle ɗaya a bayan babban gidan, a kwarin da rufi biyu suka haɗu. Na ji yana kaɗawa, kafaɗata ta amsa. Na jira ranar da Hajiya ta tafi biki Zariya, na hau da taya huɗu da bulo biyu na danne shi. Daga ƙasa ba a gani, mangwaro ya rufe. Fallen bai sake motsi ba. Ina lissafa wannan cikin ayyukan alherina. Amma na san duk wanda ya hau zai gani, kuma Hajiya za ta ji.

Mai dubawa na farko ɗanta ne ya turo shi. Ya zo da mota mai sanyi, farar shadda, takalmi yana ƙyalli. Ya zagaya gidan sau ɗaya yana ɗaukar hoto da waya. Na kawo tsani na jingina. Ya dube shi kamar na kawo masa maciji.

“Ba sai na hau ba, Baba. Daga nan ma na gani. Rufin nan ya mutu.”

Na ce, “Allah ya ji ƙansa. Yaushe ya rasu ba mu ji ba?”

Bai yi dariya ba. Ya buɗe bayan mota, ga guntayen sabon kwano kala-kala. Ya ce in tambayi Hajiya, in za a sake gini, shuɗi take so ko ja.

Gaskiya mutumin ya yi mini daidai ta gefe ɗaya, tunda ba zai ga tayoyina ba. Amma takardarsa ita ce tikitin Abuja. Na shiga na ce, “Hajiya, bai hau ba. Kuma kwano yake sayarwa.”

Ta kira ɗanta a waya a gabana. “Mai sayar da kwano ka turo ya gaya mini ko ina bukatar kwano? Haka na koyar da kai?”

Ya yi 'yan kame-kame, ya ce to mu kawo namu, amma mai takardar shaida.

Na fara da wanda na sani, wani kafinta na Tudun Murtala da muke shan shayi tare. Wannan kam kafin in gama bayani ya kai sama. Sai dai tafiyarsa. Ɓaram, ɓaram, a tsakiyar falle, kwano yana kuka a ƙarƙashinsa. Ya leƙa baya ya ga tayoyin, ya kwashe da dariya.

“Ashe GRA ma ta waye! Ƙara biyu, mutumina, ka huta.”

Ya sauko yana kaɗe hannu. “To me Hajiya take so in ce? Lafiya ko ba lafiya? Ni duk wanda ake so.”

Na ce ya je zan neme shi. Ya bar mana loɓa biyu a rufi, ya ci tuwon rana ya tafi. Hajiya ta tambaye ni yaya. Na ce, “Ƙafarsa ba ta da ilimi.”

Kwana tara suka wuce. Sai wata ƙawar Hajiya da suka yi koyarwa tare ta ce akwai wani dattijo a Tudun Wada, mutumin wajen Zariya, Kirista. Ya daɗe yana koyar da aikin rufi a makarantar koyon sana'a, yanzu dubawa kawai yake yi. Na hau adaidaita na same shi a ƙofar gida yana gyara kujera.

Bayan gaisuwa na ce, “Malam, kana sayar da kwano?”

“Ko ƙusa ba na sayarwa.”

“Ɗan'uwa mai sayarwa fa?”

“Ina da suruki mai sayar da kifi. Zai yi?”

“In na ce ka rubuta rufi lafiya tun kafin ka gani?”

“Sai ka tsayar da adaidaitar da ta kawo ka kafin ta yi nisa.”

Na ce ya gaya mini gida ɗaya da ya taɓa dubawa a unguwarmu. Ya kwatanta. Ban nemi maigidan ba, wajen maigadin na je. Mu muke ganin wanda ya hau da wanda ya zauna a inuwa. Ya ce, “Tsohon nan? Wuni ya yi a sama. Har Alhaji ya ce a leƙa ko ya suma.”

Na koma wajen dattijon na ce ya zo. Ya ce da rana tsaka zai zo, ba da safe ba. Ban tambayi dalili ba.

Ranar da safe na jingina tsani a baya da nufin sauke tayoyin kafin ya iso. Na taka mataki uku sai na ga hadari ya ɗan taso daga gabas. Na tuna fallen nan. Na sauko. Na ce a ganni da taya ya fi a ganni ba rufi.

Ya zo da takalmin roba mai laushi, da tocila, da alli, da sukudireba. Ya miƙa wa Hajiya takardunsa. Ta sa tabarau ta karanta gaba da baya kamar mai neman satar amsa. Ta ce, “Ya ci jarrabawa.”

Na nuna masa tsani. Ya ce a'a, ciki tukuna. Ya sa na ɗora tebur a lungu, ya ture ƙofar silin, ya ce in biyo shi. Zafi kamar gidan burodi, ga warin jemage. Muka rarrafa a kan katako har tsakiya. Sai ya kashe tocila.

“Dubi sama.”

Na duba. Ɗigo-ɗigon haske nan da can a jikin kwano, kamar taurari.

Ya ce, “Shi ya sa nake zuwa da rana tsaka. Kowane tauraro huji ne. Naku ba su da yawa, kuma duk ramin tsohuwar ƙusa ne.”

Ya bi su yana zagayewa da alli. Ya riƙa soka sukudireba a katako. Ba ta shiga.

“Katakon zamanin da ne. Gara ta gwada ta haƙura.”

Raina ya yi sanyi. Sai ya haska wani wuri saman falo. Katakon wajen ya yi baƙi, alamar ruwa ta gangaro daga gefe guda.

“Wannan ba huji ba ne. Ruwa ne yake rasa hanya yana komowa ta ƙarƙashin falle. Akwai abin da ya tare shi a sama. Mene ne a daidai nan?”

Na san mene ne a daidai nan. Na ce, “Zafi ya yi yawa, Malam. Mu sauka.”

Muka fita, na riƙe masa tsani. Na kalli ƙafarsa. Layin ƙusa, layin ƙusa, a hankali, kwano ko tari bai yi ba. Ya ɓace bayan mangwaro. Can na ji muryarsa.

“Malam maigadi, bismilla, hawo.”

Na hau. Shekara biyu rabona da wajen. Ganyen mangwaro ya taru bayan tayoyin ya ruɓe ya zama taɓo. Kwarin da ruwa yake bi ya toshe gaba ɗaya. A cikin taya ɗaya har wani ɗan mangwaro ya tsiro, ganye huɗu, lafiyarsa ƙalau.

Ya ce, “Wane injiniya ne ya yi wannan?”

“Ni ne.”

“Daga wace unguwa?”

“Gama.”

“Na ga hannun.”

Ya tsuguna ya nuna mini. A Gama rufi shafe ɗaya ne, ka ɗora taya ruwa ya ratsa gefenta ya wuce. Nan kuwa ruwan rufi biyu a kwarin nan yake haɗuwa, ni kuma na gina masa madatsa a tsakiyar hanya. Fallen da na danne ƙusa shida kawai yake nema.

Na ce, “Ba za ka rubuta ganye ne ba?”

“Ganye ne ya hau da bulo?”

Da ya yarda ma da na raina shi. Ni na je har Tudun Wada neman wanda ba a saya.

Ya ce, “Zan rubuta abin da na gani. Amma ina da sauran gefe ɗaya da ban duba ba, kuma ni tsoho ne, ba na sauri. Ka riga ni wajen Hajiya.”

Na sauka. Hajiya tana baranda da carbi.

“Hajiya, rufi bai mutu ba.”

“Alhamdu lillahi! To yoyon fa?”

“An kama mai laifi.”

“Wane ne?”

“Yana gabanki.”

Na faɗa mata duka, har ranar bikin Zariya. Ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

“Damina biyu, Maigadi. Damina biyu ina tara ruwa a tukunyar salla. Saura kaɗan a kai ni Abuja saboda tayar mota.”

Na ce, “Fallen dai bai tashi ba.”

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta riga faɗan fita. Ta yi har tana riƙe gwiwa. Da ta huta ta ce faɗan yana nan, ajiye shi ta yi. Kuma ta biya ni shi cif, kullum kaɗan, har bayan salla.

Malam ya zauna a baranda ya rubuta shafi biyu. Hajiya ta karanta mini. Katako lafiya. Kwano yana da sauran shekaru. A sake fallen kwari, a cire tsofaffin ƙusoshi a sa masu hular roba, a rage reshen mangwaro, a share kwari kafin kowace damina. Ya ce kowane kafinta muka ga dama ya yi aikin, shi zai dawo ya duba. A ƙasa ya sa hannu. A saman sa hannun akwai layi ɗaya da ta karanta sau biyu da ƙarfi: a sauke taya huɗu da bulo biyu.

Aka tura wa na Abuja hoton takardar. Bai jima ba ya kira. Ina jin muryarsa daga inda nake.

“Umma, taya? Wace irin taya?”

“Ta mota. Ka karanta dai. Rufi ya ƙare ko bai ƙare ba?”

Can ya ce, “Bai ƙare ba.”

“To a gai da Abuja.”

Aka yi gyara cikin kwana biyu. Ba kafintan Tudun Murtala na kira ba, har yau yana fushi. Ruwan da ya biyo baya mai ƙarfi ne. Muka tsaya a falo ni da Hajiya muna kallon silin. Ko ɗigo. Ta ce in mayar da tukunya kicin.

Tayoyin ba ta bari na yar ba. Ta sa na yi musu farin fenti na jera a bakin baranda, ta shuka na'ana'a a uku. Ta huɗu ɗan mangwaron nan ne, yanzu ya fi ni tsawo. Duk baƙon da ya yaba, sai ta ce, “Aikin injiniyanmu ne. Maigadi, zo ka ba su labari.”

Ina zuwa in bayar, a gajarce.

Duk shekara kafin ruwan fari ina hawa in share kwari, ƙafata a layin ƙusa. Amma in hadari ya haɗu iska ta taso, kafaɗata tana amsawa kamar da. Akwai taya ta biyar a bayan ɗakina. Ban hau da ita ba. Ban kuma yar ba.